Idan Mota Ta Tashi Daga Aiki, Kuɗin Inshora Suka Gaza: Mene Ne Haƙƙin Mai Ita?

 

A gidaje da yawa na cikin birnin Kano mota jari ce. Ita ke ɗauko dilar atamfa daga Kantin Kwari zuwa rumfa a Kurmi, ita ke kai yara makaranta da safe, ita ke garzayawa da mara lafiya Asibitin Murtala cikin dare. Wani magidancin da kuɗin gadonsa ya saye ta, wani da adashin shekaru, wani kuma har yanzu bai gama biyan bashinta ba. Ranar da aka ce ta yi haɗari a hanyar Zariya ko ta Gwarzo, har bakanike ya duba ya girgiza kai, to abincin gida ne ya shiga haɗari tare da ita.

Kaɗan ne daga cikinmu suke yi wa motocinsu cikakkiyar inshora, kuma yawancinsu sharaɗin banki ne ko na wurin aiki ya sa su. Waɗannan kaɗan ɗin sukan ɗauka sun tsira, sai ranar da wasiƙar kamfani ta iso ɗauke da adadin da ba zai sayi rabin irin motar da aka rasa ba. Daga nan tambayoyi suke biyo liman har ƙofar masallaci: shin ya halatta in yi jayayya a kan wannan kuɗi? Shin ba rashin yarda da ƙaddara ba ne? Shin kuɗin ma halal ne?

Amsarmu a taƙaice ita ce, neman cikon haƙƙi bai saɓa wa tawakkali ba. Sai dai haƙƙin yana da ma'auni, kuma wanda bai san ma'aunin ba ɗayan biyu ne zai same shi: ko a tauye shi yana godiya, ko ya ci abin da ba nasa ba yana ganin ya yi wayo. Wannan ma'auni muke son fayyacewa.

Yadda kamfani ke yin lissafinsa

Inshorar mota iri biyu ce a aikace. Ta farko ita ce ta ɓangare na uku, wadda doka ta wajabta tun 1945. Ba ta biyan mai mota ko sisi a kan motarsa. Ɓarnar da ya yi wa wani kaɗai take biya. Daga 1 ga Janairu 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da ake biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Rundunar 'yan sanda ta fara tsananta binciken wannan takarda daga 1 ga Fabrairu 2025. Ta biyu ita ce cikakkiya, wadda ta haɗa da motar mai ita, kuma hukumar ta ce kuɗinta na shekara kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na adadin da aka rubuta wa motar.

Idan haɗari ya auku, kamfani yakan turo injiniya ko mai ƙiyasta asara. In ya ga kuɗin gyara zai kai ko ya kusa kai darajar motar, sai ya rubuta cewa ta tashi daga aiki, ko da injinta yana tashi. Daga nan lissafi ya bar maganar gyara ya koma maganar daraja, kuma abubuwa huɗu ne suke yanke adadin ƙarshe.

Na farko, ƙa'idar da aka gina inshora a kanta: a mayar da mutum matsayin da yake kafin asara, ba tare da ya ci riba ba. Saboda haka yawancin takardu suna cewa za a biya darajar motar a kasuwa ranar haɗari, ko adadin da aka rubuta a takarda, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu. Na biyu, ragin tsufa, gwargwadon shekarun motar da kilomitar da ta ci. Na uku, wani kaso da takarda ta ɗora wa mai mota ya ɗauka da kansa a kowane haɗari. Na huɗu, gawar motar: idan kamfani ya biya, ragowar ƙarfen nasa ne, in kuwa mai ita yana son riƙewa sai a cire kuɗinsa.

Abin da ya fi cutar mutane a 'yan shekarun nan shi ne na farko. Kafin Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance a kan naira 460 da ɗoriya. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Tunda motocinmu da kayan gyaransu daga waje suke zuwa, kuma kuɗin fito ma da dala ake auna shi, farashi ya bi sahu. Amma mutane da yawa sun ci gaba da sabunta inshora a kan tsohon adadi, wasu don rashin sani, wasu don gudun ƙarin kuɗi.

Mu ɗauki misali don a gane. A ce magidanci ya rubuta wa motarsa naira miliyan 5, yana biyan 250,000 duk shekara, har darajarta ta kai miliyan 11 bai canza takarda ba. Ranar asara, kamfani ba zai wuce miliyan 5 ba. In aka cire kasonsa, a ce kashi 10, saura miliyan 4 da rabi. Giɓin miliyan 6 da ke tsakanin takarda da kasuwa ba a kan kamfani yake ba, domin ba a biya shi kuɗin ɗaukarsa ba. A ce kuma maƙwabcinsa ya rubuta miliyan 11 ɗin, ya biya 550,000, sai mai ƙiyasi ya ce motar miliyan 7 da rabi take. Wannan na biyun shi ne mai cikakkiyar hujjar jayayya. Wajibi ne mutum ya fara sanin a wane sahu yake kafin ya ɗaga murya.

Matsayin malamai a kan inshora

Inshora baƙuwar mu'amala ce ga magabata. Daga cikin waɗanda suka fara tattauna ta akwai Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙu wanda ya rasu a 1836. A cikin Raddul Muhtar ya yi magana a kan kuɗin lamunin da fatake ke biya don kayansu na jirgin ruwa, bai kuwa halatta karɓar ramuwar ba idan an ƙulla yarjejeniyar a ƙasar Musulunci. A zamaninmu, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a shekarar 1398 bayan Hijira, da majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda cikin Disambar 1985, sun hana inshorar kasuwanci saboda garari mai yawa da ke cikinta, wato rashin sanin abin da kowane ɓangare zai bayar ko ya samu, suka halatta ta taimakekeniya. Shaihi Mustafa Zarƙa na Sham ya saɓa musu, yana ganin halaccin tsarin idan an tsarkake shi daga riba.

Daga wannan fatawa takaful ya samo ƙarfinsa. Kamfanin farko irinsa an kafa shi a Sudan a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, a nan Nijeriya kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, daga baya kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi. A wannan tsari mahalarta suna zuba kuɗi cikin asusu ɗaya da niyyar kyauta, kamfani wakili ne mai gudanarwa, kuma rarar da ta saura takan koma ga mahalarta. Malamai sukan kafa hujja da abin da ya zo a Buhari da Muslim game da Ash'arawa, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa wuri guda su raba daidai, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba musu.

To, mene ne hukuncin wanda ya riga ya shiga? Wanda yake takaful, ba shakka ya karɓi duk abin da sharaɗi ya ba shi. Wanda doka ko wurin aiki ya tilasta wa inshorar kasuwanci, laifin ƙulla ta ba ya kansa. Game da abin da zai karɓa daga irin wannan kamfani kuwa, malamai sun kasu: wasu sun ce ya tsaya a kan gwargwadon abin da ya zuba, ya ba da ragowar ga mabuƙata, wasu sun ce ya karɓi gwargwadon asararsa, tunda kamfanin ne ya ɗora wa kansa biya. Wannan wuri ne da ya kamata mutum ya zauna da malamin da ya amince da shi, ya faɗa masa halin da yake ciki dalla-dalla. Abin da muke jan hankali a kai shi ne, barin kuɗin ga kamfani ba ya cikin ko ɗaya daga ra'ayoyin nan biyu. Ko a ra'ayin farko karɓa ake yi, sannan a tsarkake.

Ma'aunin da ke cikin littattafanmu

Ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaurukan Madabo ko Kabara sun san babin lamuni. Abin da ake aunawa da mudu ko sikeli, idan an halakar da shi, irinsa ake biya. Abin da ba shi da tamka daidai wa daida, kamar dabba ko tufafin da aka sa, ƙimarsa ake biya. Tsohuwar mota tana cikin kashi na biyu, domin motoci biyu ƙirar shekara ɗaya ba sa zama daidai: ɗaya tana hannun malamin makaranta tsakanin gida da aji, ɗaya ta sha hanyar Legas.

Ƙimar nan tana da sharuɗɗa uku da suka dace da batunmu. Ana duba ta a ranar da ɓarnar ta auku, ba ranar saye ba. Ana duba ta a kasuwar wurin, don haka farashin Kano ne abin lura ga motar Kano. Kuma masana abin ne suke yanke ta, mutanen da suka san kasuwar kuma aka yarda da gaskiyarsu.

Akwai kuma mas'alar da ta yi kama da batun gawar mota ƙwarai. A Muhtasar na Shaihi Halil, idan wani ya yi ta'adi a kan kayan wani har ya lalata babban amfanin da ake nufi da shi, mai kayan ne yake da zaɓi: ko ya karɓi cikakkiyar ƙima ya bar wa mai ɓarna ragowar, ko ya riƙe kayansa ya karɓi kuɗin tawayar. Ba zai haɗa cikakkiyar ƙima da ragowar ba, haka kuma ba a raba shi da ragowar a ba shi ƙimar da ta gaza.

Gaskiya ne waɗannan hukunce-hukunce tsakanin mai ɓarna da mai kaya suke, alhali abin da ke tsakanin mutum da kamfaninsa sharuɗɗan takarda ne, kuma Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka matuƙar bai halatta haram ba. Amma da takarda ta ce darajar kasuwa, ta dawo da mu ga wannan ma'auni. Kamfanin da ya karɓi kuɗin shekara a kan miliyan 11 cif, ya zo biya ya auna da wani mudu daban, ya shiga gargaɗin da Suratul Muɗaffifina ta buɗe da shi game da masu cika awo idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Shi ma wanda ya rubuta miliyan 5 yana da abin cewa idan aka zo kan gawar mota: an biya shi ƙasa da rabin daraja, da wace hujja za a ɗauke ragowar gaba ɗaya? Wannan wuri ne na tattaunawa, kuma ya cancanci a tayar da shi a rubuce.

Matakan neman haƙƙi

Mataki na farko yana wurin haɗarin. Bayan an kula da rayuka, a ɗauki hotunan motar ta kowane ɓangare kafin a janye ta, a nemi rahoton 'yan sanda, a rubuta sunayen shaidu. A sanar da kamfani nan take, domin takardu suna sanya wa'adin sanarwa, kuma jinkiri yakan zama hujjar ƙin biya. Kada a fara gyara, kada a cire batir ko taya ko fitila, kada a kira 'yan gwangwan, sai mai ƙiyasi ya gani. A kuma tambayi wanda zai ɗauki kuɗin ajiya a gareji, domin kwanaki suna tafiya kuɗin yana taruwa.

Na biyu, idan tayin kamfani ya zo, kada a amsa shi ta waya. A nemi lissafin a rubuce: darajar da aka ba motar, hujjar da aka dogara da ita, da kowane ragi tare da sakin layin takardar da ya ba da damar yin sa. A nemi ganin rahoton mai ƙiyasi. Sau da yawa kuskuren ƙarami ne mai tsada: an rubuta wata shekarar ƙira, ko ƙaramin samfuri a madadin babba, ko an kwatanta motar da ba ta daɗe da shigowa ba da wadda ta shekara goma a titunanmu. Lambar shasi tana warware irin wannan.

Na uku, a tara hujja. A je wurin dillalan mota biyu ko uku da aka sani, su rubuta farashin irin motar a lokacin haɗarin, a takardar shagonsu da sa hannu. A adana tallace-tallacen intanet masu ɗauke da kwanan wata, tare da sanin cewa farashin talla yakan ɗara na sallamawa. A fito da rasidin sabon inji ko giya ko tayoyi, da takardun kwastan. Idan jayayyar a kan gawar mota ce, 'yan kayan gyara na Kofar Ruwa sun san abin da inji da ƙofofi da giya za su yi a kasuwa. Idan giɓin babba ne, ɗaukar mai ƙiyasi mai zaman kansa wanda yake da rajista ya fi asarar miliyoyi sauƙi. Wanda ya sayi inshorarsa ta hannun dillali, ya sa shi gaba, domin bin haƙƙin abokin ciniki yana cikin aikinsa.

Na huɗu, kuma shi ne mafi haɗari: takardar sallama. Kafin a biya, kamfani yakan kawo takardar da ke cewa an karɓi wannan adadi a matsayin cikakken biya na ƙarshe. Wanda ya sa hannu ya rufe wa kansa ƙofa, a doka da kuma a fiƙihu, domin sulhun da aka yi da yarda yana lazimtar mai shi. Mutum yana cikin matsi, yara suna hawa Adaidaita Sahu, kaya suna jiran dako, sai ya sa hannu yana cewa daga baya zai bi sauran. Babu sauran da zai bi. Wanda ba ya karanta Turanci sosai ya kai takardar ga ɗansa ko lauya ko wani amintacce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ana son karɓar abin da ba a jayayya a kansa, a nemi a rubuta ƙarara cewa biyan wani ɓangare ne.

Na biyar, a rubuta wasiƙar ƙin amincewa cikin ladabi, a faɗi adadin da ake nema, a liƙa hujjoji, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Idan kamfani bai saurara ba, NAICOM tana da sashen karɓar koke-koke. Dokar Inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan ya amince da da'awa, sabuwar dokar gyaran harkar inshora da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Agustan 2025 ta maye gurbinta, tana mai tsananta biya a kan lokaci. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Takardu da yawa suna cewa saɓani a kan adadi a kai shi gaban masu sasanci kafin kotu, kuma Kano tana da cibiyar sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha. Wasu takardun suna sanya wa'adin da in ya wuce da'awa ta faɗi, don haka a duba wannan tun da wuri. Mai takaful yana da ƙarin ƙofa, domin kowane kamfanin takaful yana da majalisar malamai masu sa ido a kan bin Shari'a, ana iya rubuta musu.

Kada kowa ya ji nauyin bin waɗannan matakai. Ya tabbata a hadisi cewa wani mutum ya zo yana bin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bashi da kakkausan harshe, sahabbai suka yunƙura, ya hana su, yana mai nuna cewa mai haƙƙi yana da damar magana. Ya kuma tabbata cewa ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan abin da ke kansa zalunci. Yarda da ƙaddara aikin zuciya ne game da abin da Allah Ya hukunta. Bin haƙƙi kuwa riƙo da sababi ne, kamar neman magani ga mara lafiya.

Idan wani ne ya yi ɓarnar

Mafi yawan masu mota a birni ba su da cikakkiyar inshora, don haka tambayarsu daban ce: wani ya buge motata, inshorarsa ta ɓangare na uku ce, yaya ke nan? A nan malamai da yawa, har daga cikin masu hana inshorar kasuwanci, sun halatta karɓar kuɗin, domin wanda aka yi wa ɓarna bai ƙulla komai da kamfanin ba. Haƙƙinsa yake karɓa daga hannun wanda ya biya a madadin mai laifi.

Sai dai iyakar miliyan 3 iyakar kamfani ce kawai. Idan motar miliyan 8 ce, kuma laifin duka na direban ne, ragowar miliyan 5 tana wuyansa, takardar inshora ba ta sauke masa ita. Idan laifin na ɓangarorin biyu ne, a raba gwargwadon sakacin kowa bisa ga abin da masana hanya suka tabbatar. A wannan gaɓa dattawan unguwa da limamai suna da rawar takawa. Direban da ke neman na cefane ba zai iya fitar da miliyoyi rana ɗaya ba. A tsara masa biya kaɗan-kaɗan, a rubuta, a sa shaidu. Alƙur'ani ya yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma nuna yafewa ta fi alheri. Amma yafiya ta mai haƙƙi ce. Ba daidai ba ne a taru a kan marayu ko bazawara a kunyata su har su bar abin da suke buƙata, a kira wannan sulhu.

Wata musiba kuma ita ce takardar bogi, wadda 'yan kamasho ke haɗawa da takardun mota a farashi mai rahusa. Ranar haɗari sai a tarar babu kamfanin da ya san da ita. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai, NIID, inda ake duba lambar mota a intanet a ga ko takardar ta gaskiya ce. Minti biyu ne aikin.

Iyakar mai haƙƙi

Kamar yadda muka yi wa kamfani wa'azi, haka za mu yi wa kanmu. Haramun ne a haɗa baki da bakanike a kumbura kuɗin gyara don a tura mota sahun waɗanda suka tashi daga aiki. Haramun ne a cusa tsohuwar lotsawa cikin sabon haɗari, ko a ce maigida ne ke tuƙi alhali yaro ne mara lasisi, ko a ɓoye cewa motar da aka rubuta ta gida tana kabu-kabu. Haramun ne a sa dillali ya rubuta farashin da ya san ba shi ne ba, domin shaidar zur ce, kuma duk abin da aka miƙa wa mai ƙiyasi don ya ƙara lamba rashawa ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi cewa wanda ya fi abokin shari'arsa iya baki har aka yanke masa abin da ba nasa ba, yankin wuta aka yankar masa. Cewa kamfani mai kuɗi ne ba ya halatta dukiyarsa. A takaful abin ya fi muni, domin asusun na mahalarta ne. Wanda ya yi ƙarya, kuɗin ɗan'uwansa na Gwale ko Yakasai ya ci, wanda shi ma wata rana zai zo nema.

Ga wanda motarsa take lafiya yau, aikin da ke gabansa ƙarami ne. Ya ɗauko takardarsa ya duba adadin da aka rubuta, ya tambayi kasuwa, in akwai giɓi ya gyara tun kafin ranar sabuntawa. Ya tambayi nawa ne kason da ke kansa, yaya ake lissafin tsufa, kuma ko kamfanin yana yarda a daidaita a kan tsayayyen adadi tun farko. Ya faɗa wa iyalinsa inda takardun suke, domin sau da yawa mai motar yana gadon asibiti lokacin da wa'adin sanarwa ke ƙarewa, wani lokacin kuma magada ne za su bi kuɗin, su shiga cikin abin da za a raba. Wanda yake da zaɓi, ya zaɓi takaful don ya fita daga saɓanin malamai, amma ya karanta sharuɗɗansa kamar yadda zai karanta na kowa.

Muna kira ga ɗalibanmu da suka haɗa karatun zaure da na boko su koyi karanta waɗannan takardu, su taimaki iyayensu da maƙwabtansu. Babin lamuni da suka haddace yana da aiki a gareji da ofishin inshora kamar yadda yake da shi a gaban malam.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya ciyar da mu halal. Allah ne Mafi sani.